Tashar da Ya'u Ya Tsare

Hudu na tsugune a ƙarƙashin kanta yana laluben famfon birki ga wani makanike da ya tsaya jira, sai ya hango takalman Shamima a bakin shagon. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya ƙarafa kamar bai gan ta ba, har makaniken ya nuna masa cewa abin da yake nema yana hannunsa tun ɗazu.

Shamima ce 'yarsa ta fari, tana shekarar ƙarshe a jami'a a Legon, tarihi take karantawa. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi rubutun kammalawa a kai, sai ta zaɓi tashar jirgin ƙasa ta Dampakrom, wani ƙauye a tsakiyar gonakin koko a kan tsohon layin dogon Kumasi, inda kakanta Ya'u ya yi aiki shekara talatin da huɗu. Sau uku tana zuwa ƙauyen da littafinta da wayarta. A can ne aka ce mata, in tana son sanin ƙarshen tashar, ta nemi Mma Ayishetu mai ƙosai, wadda ta koma wurin ɗanta a unguwar Maamobi, cikin Accra. Ta neme ta, ta same ta, tafiyar minti goma daga gidansu na Nima. Sai dai tsohuwar ta ce ba za ta buɗe baki ba sai ɗan Ya'u, wato Hudu, na zaune.

Hudu ya ba da uzuri sau uku. Na farko kaya sun iso tashar jiragen ruwa ta Tema, na biyu ciwon gwiwa, na uku jana'iza a unguwar Malam. Yau Shamima ta biyo shi har kasuwar kayan mota ta Abossey Okai, ta tsaya a rana da jaka a kafaɗa, ta ce tsohuwar ta kwana biyu ba ta da lafiya, kuma ɗanta ya ce in za su zo su zo yau.

"Baba, awa ɗaya kawai. Ba sai ka ce komai ba. Ka zauna kawai."

Ya wanke baƙin mai daga hannunsa, ya yi azahar a masallacin kasuwa, ya daɗe a addu'a fiye da yadda ya saba. Da ya fito ya same ta a inda ya bar ta. Ya ja ƙofar shago ya kulle.

Suka shiga trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa mahaɗar Circle, suka samu kujerar baya. Go-sulo ya riƙe su tun kafin su kai gada, masu tallar ruwa da soyayyar ayaba suna bin tagogi. Shamima ta buɗe littafinta a cinya ta fara karanta masa abin da ta tara. An gina tashar ne a zamanin Turawa saboda koko, in ji dattawan ƙauyen. Kafin jirgi, a ka ake ɗaukar buhuna kwana biyu zuwa bakin hanya. Da jirgi ya zo, fataken goro daga Arewa suka yada zango a bayan tashar, aka yi masallaci na ƙasa, aka haƙa rijiya, mahauta suka zo, har zangon ya kusa fin ƙauyen mutane. A shekarar sittin da tara, da aka kori baƙi daga Ghana, zangon ya watse cikin mako biyu, mutane suka yi ta kwana a dandamalin tasha da tabarmi da tukwane suna jiran tarago. Ya'u ya tsira saboda yana da takardar reluwe. Shi ne ya ɗaga wa jirgin da ya kwashe 'yan'uwansa tuta.

Ta ce an faɗa mata jirgin safe daga Accra yakan iso da ƙarfe tara. Hudu ya ce tara da kwata ne, in bai makara ba, kuma kullum yana makara. Ya ji kansa yana ba ta labarin yadda mahaifinsa yake kama sandar juya layi da hannu biyu ya jingina duk jikinsa a kai, yadda yake goge fitilun sigina da toka, yadda a shekarar gobarar daji, tamanin da uku, suka yi yini guda suna jiƙa rufin sito da bokiti don kada koko ya kama. Shamima tana rubutawa da sauri, fuskarta a sake. Ta ce bai taɓa gaya mata wannan ba. Sai ya juya yana kallon taga.

Ta ci gaba. Jiragen suka yi ta raguwa, daga huɗu a yini zuwa biyu, zuwa ɗaya, har aka wayi gari babu. Shugaban tasha ya tafi, akawu ya tafi. Ya'u ya riga ya yi ritaya, amma shi aka bar wa mabuɗan, shi kuma bai tafi ko'ina ba. Kowace safiya yana share dandamali, yana cire ciyawa daga tsakanin layi, yana zuba wa sandunan mai da kuɗin fanshonsa. Yana buga ƙararrawar tasha da safe da rana, har makaranta da masu zuwa gona suka koma amfani da ita. In aka yi masa dariya sai ya ce jirgi zai dawo, kuma bai kamata ya tarar da wurin da datti ba.

Nan ta rufe littafin. Ta rage murya, ko da yake babu mai jin Hausa a kusa da su sai watakila yaron mota.

"Baba, ka san abin da suke faɗa a kansa? Sun ce shi ya sayar da tashar. Har yau in aka ba mutum amana ya ci, sai su ce ya yi irin na Ya'u. Yara ƙanana ma suna faɗa, waɗanda ba su taɓa ganin jirgi ba."

Ta ce ita ba ta yarda ba. Mutumin da ya yi shekara uku yana share tashar da babu jirgi ba zai tashi rana ɗaya ya sayar da ita ba. Wani ne ya yi, kuma sai ta samo sunansa ta rubuta.

Hudu ya gyaɗa kai.

Shi ne ya yi. Shekara ashirin ke nan. A lokacin yana da talatin da biyar, bai da shago, yana yi wa wasu dillancin kayan mota a bakin titi, ɗaki ɗaya a Nima, matarsa Zuera da goyon Shamima. Wani mai sayen tsohon ƙarfe, cikin waɗanda ake kira 'yan kondem, ya ji cewa ubansa ne ke riƙe da mabuɗan wata tasha a daji. Ya ce masa jirgi ya mutu, ƙarfen nan tsatsa zai cinye, in ba su ɗauka ba wasu za su ɗauka. Hudu ya yi wata guda yana juya maganar, daga baya ya daina juyawa. Ya tafi Dampakrom ya ce ya zo ya kai mahaifinsa asibitin ido a Koforidua. Ya kwana biyu a ɗakinsa. Ranar tafiya da asuba ya zare mabuɗin sito daga ƙusar da ake ratayewa, ya ce zai je neman mota, ya miƙa wa direban babbar motar da ke jira a mararraba.

Da rana tsaka 'yan kondem ɗin suka zo, sanye da kaki, da wata takarda mai hatimi, suka ce reluwe ce ta aiko su. Suka kwance ƙararrawa, da sikelin koko, da sandunan juya layi, da fitilu, da layin gefe gaba ɗaya, har kwanon rufin sito. Da la'asar Hudu ya dawo da mahaifinsa, ido ɗaya a naɗe da auduga. Tsohon ya tsaya a dandamali riƙe da ledar magani, ya daɗe yana kallo da idon da ya rage masa. Bai tambayi kowa komai ba. Da sarkin ƙauye ya kira shi gaban dattawa, aka nuna masa cewa kwaɗon sito buɗe shi aka yi, ba fasawa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, shi aka ba amana. Bayan mako guda ya ɗaure kayansa ya biyo ɗansa Nima. Ya yi shekara biyu a can kafin ya rasu. Hudu ya buɗe shago a Abossey Okai a cikin shekarar farko, kuma tsohon bai taɓa taka ƙafa a ciki ba, kullum yana cewa ƙarar kasuwa tana damunsa.

Duk tsawon shekarun nan abu ɗaya Hudu ya riƙe: mahaifinsa bai sani ba. Ya mutu yana zaton ɓarayi ne suka yi mabuɗi na jabu. Da wannan yake iya yi masa addu'a bayan kowace salla, da shi ya je Makka ya yi masa ɗawafi, da shi yake amsa sunan Alhaji in an kira shi a unguwa.

A Circle suka canja mota, suka sauka a Maamobi. Shamima na gaba, suka bi lunguna suna tsallake kwata, suka wuce mai gasa masara, suka wuce tela da kekensa a bakin ƙofa. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. Surukar tsohuwar ta shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗaki, ta kawo ruwa, ta koma wankinta a can ƙarshen tsakar gida.

Mma Ayishetu na zaune a kan katifa, an jingina ta da bango. Ta ƙanƙance ƙwarai. Hudu ya tuna ta da ƙiba da murya, tana bin tagogin tarago da tire a ka, tana ba shi gutsuren ƙosai a takarda in zai tafi makaranta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta kama hannunsa ta riƙe, ta kalle shi sosai, ta ce ya yi furfura, ya fi ubansa jiki amma bai kai shi tsawo ba. Ta tambayi Zuera da yara. Ta yi wa matattu addu'a, suka shafa.

Shamima ta nemi izini ta ajiye wayarta a kan tabarma tana ɗaukar magana. Tsohuwar ta fara daga nesa, da Hausarta ta zango mai gauraye da Twi, yaren mutanen yankin Kumasi. Ta ba da labarin amaren da aka kawo a jirgi, da gawarwakin da aka sauke, da ranar da wata mata ta haihu a ɗakin jira, Ya'u ya tsaya a ƙofa da tutarsa yana korar maza. Ta ce bayan jirgi ya daina zuwa ta mai da kaskonta mararraba, inda motoci ke tsayawa, domin a can ne kawai ake ciniki. Ta ce a can take zaune da asubar ranar da aka kwashe tashar, tana hura wuta, ta ga babbar motar, ta kuma ga wanda ya miƙa mabuɗi.

Shamima ta matso. Alƙalaminta ya tsaya a kan takarda. Ta tambaya ko ta san shi.

Tsohuwar ta ce ta san shi. Ta ce a lokacin ba ta gane abin da ta gani ba sai da rana ta yi. Da yamma, bayan an watse, ta je ta sami Ya'u a zaune a bakin sito, ta faɗa masa. Ta ce ta zaci zai yanke jiki ya faɗi. Sai ya ce mata ya sani.

Hudu ya ɗago kai karon farko.

Mma Ayishetu ba ta kalle shi ba, Shamima take kallo. Ta ce Ya'u ya gaya mata tun da asuba ya kai hannu kan ƙusa ya ji babu mabuɗin. Shekara uku yana taɓa wurin nan kafin ya yi alwala, ba sai da ido ba. Ya san wanda ya ɗauka. Zai iya ƙin tafiya asibiti, zai iya tsayawa a ƙofar sito da sanda. Amma ya ce in ya yi haka ya kama ɓarawo ne, shi kuma ba ɓarawo yake so ya kama ba. Sai ya shiga mota. Ya ce ya bar wa mutumin hanya tun daga Dampakrom har Koforidua, ko zai ce direba ya tsaya su koma. A kowane gari suka tsaya yana jira. A layin asibiti yana jira. Har aka ɗiga masa magani a ido yana jira.

"Ya sa na rantse ba zan faɗi sunan ba," in ji ta. "Ban faɗa ba. Yau ma ba zan faɗa ba. Amma bai ce kada in aika a kira mini mutum ya zauna a gabana ba. Ni na gama nawa, 'yata. Saura ba nawa ba ne."

Ta jingina kanta da bango ta rufe ido. A tsakar gida ana jin ƙarar ruwa a bokiti, da rediyon wani maƙwabci.

Hudu ya tuna tafiyar. Ya tuna yadda tsohon ya yi ta magana a mota, shi da ba mai yawan magana ba, yana tambayarsa ko akwai abin da ke damunsa a Accra, ko Zuera lafiya, ko yana bukatar wani abu. A wani gari ya saya masa lemo ya ɓare masa da hannunsa. Shi kuwa yana ta kallon agogo yana lissafin ko motar ta gama lodi.

Shamima ta juyo tana kallonsa. Ya ga ba ta gane ba tukuna, ko kuwa ta gane tana neman ya ƙaryata. Zai iya cewa tsohuwar ta rikice. Kalmar har ta zo masa baki. Ya dubi wayar da ke kan tabarma, lambobinta suna tafiya.

"Ni ne," ya ce. Muryar ba ta fita sosai ba, sai ya maimaita. "Ni na ɗauki mabuɗin, Shamima. Ni na miƙa."

Ba ta kashe wayar ba, shi ma bai ce ta kashe ba. Ya faɗi sauran yana kallon tabarma: ɗan kondem ɗin, kakin, takardar jabu, zuwa asibitin da ya fake da shi. Bai ambaci talauci ba, ko da yake ya shirya wannan uzurin a ransa shekara da shekaru. A gaban tsohuwar da ta soya ƙosai shekara arba'in ba ta ɗauki na kowa ba, ya kasa faɗa. Da ya gama, Shamima ta tambaye shi ko daga nan shagon ya fito. Ya ce daga nan ne.

"Wato da shi na yi karatu," ta ce, ba da ƙarfi ba. Ta ɗauki wayar ta kashe, ta sa a jaka tare da littafin.

Ta durƙusa ta yi wa Mma Ayishetu godiya kamar yadda aka koya mata, ta gyara mata mayafin da ya zame. Hudu ya matsa ya nemi tsohuwar ta yafe masa nauyin da ya ɗora mata. Ta buɗe ido ta ce ita nata mai sauƙi ne, ta yafe. Ta ce Ya'u ma ta san ya yafe, domin har ya bar ƙauyen bai ambace shi da mugun baki ba. Amma mutanen Dampakrom suna nan da ransu, kuma sunan da suke zagi ba na Hudu ba ne, na ubansa ne.

Suka fito ana kiran la'asar. Shamima ta yi gaba, bai yi ƙoƙarin cim mata ba. Wani mai shago ya ɗaga masa hannu ya ce Alhaji barka da yamma, ya amsa bai ɗago ba. A bakin babban titi ta tsaya jiran motoci su wuce, ya iso ya tsaya a gefenta. Ya ce mata ta rubuta yadda yake, da sunansa. Ta ce da ma haka za ta yi. Ta ƙara da cewa sarkin ƙauyen ya sa mata sharaɗi tun zuwanta na farko: kafin ta miƙa rubutun a makaranta, sai ta zo ta karanta wa dattawa abin da ta rubuta a kansu. Ranar Asabar aka sa. Motar farko tana tashi da ƙarfe shida.

Ya ce zai bi ta.

Ta dube shi sannan, idonta ya yi ja amma babu hawaye. Ta ce Twi ɗinsa ya fi nata, ba za ta yi masa tafinta ba, da bakinsa zai faɗa. Ya ce to.

Suka tsallaka suka shiga Nima. A ƙofar gida Zuera na zaune a kan benci da tiren shinkafa a cinya tana tsince tsakuwa. Ta ɗago da fara'a ta yi musu sannu da zuwa, ta tambaya ko tsohuwar ta yi magana, ko ta faɗi marar tsoron Allahn da ya ɓata wa Baba Ya'u suna.

Hudu ya tsaya a gabanta da hularsa a hannu. Shamima ta ajiye jakarta, ta sunkuya ta karɓi tiren daga cinyar uwarta, ta zauna a kan bencin ta ci gaba da tsincewa.

"Taso, Zuera," ya ce. "Mu shiga ciki."